Yadda na sake wa babur ɗina sandar birkin baya

Babur ɗin ba sabo ba ne. Cikin 'yan Sin ɗin nan ne masu inji 125, waɗanda aka kwaikwayo daga Honda CG125 da ya fara fitowa a 1975, wanda aka ƙera musamman don ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma ba kowa ke juye baƙin mai a kan kari ba. Shi ya sa babu bakaniken da ke Maradi da bai haddace cikinsa ba, kuma duk abin da ka nema nasa za ka samu a shagunan kayan babur, yawanci ta Jibiya da Ɗan Isa ya shigo. Na saye shi a hannun wani ɗan kabu-kabu da ya gaji da shi, na kwance shi tas har ya rage shasi kaɗai, da niyyar in mai da shi abin shiga daji. Sana'ata sayen aya da gujiya ce a kasuwannin ƙauye, wajajen Gazawa da Tasawa da Mayahi, kuma wanda ya san yankin ya san da zarar ka sauka daga kwalta, to kai da rairayi ne har ka dawo.

Abu huɗu na sauya masa a baya. Na sa shoka masu tsawo don cikinsa ya ɗaga daga ƙasa. Gwafar baya, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da taya yana hawa da sauka da ita, na sa aka ƙara mata santimita 6 don babur ya rage rawa cikin yashi. Na sa taya mai faɗi. Sannan na ja matakan ƙafa baya da santimita 9, domin a rairayi mai zurfi tsaye nake tuƙi, kuma ina son nauyina ya sauka a baya. Kowane ɗaya cikin huɗun nan ya taɓa birkin baya, ko kai tsaye ko a kaikaice, kuma shi ne ya fi cin mini lokaci a duk aikin, har ya fi inji.

Ba don komai na ba shi wannan muhimmanci ba sai don a inda nake bi shi ne birkin gaske. A kan kwalta na gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, saboda in ka taka birki nauyi gaba yake zubewa. A yashi kuwa, ka damƙi na gaba da ƙarfi taya ta nutse ta karkace, kafin ka ankara kana ƙasa kayanka na kanka. Na baya kake lallaɓawa da yatsun ƙafa, kaɗan-kaɗan, kana jin inda zai kama da inda zai kulle. In bai da daidaito, yau nan gobe can, ƙafarka ba za ta taɓa sabawa da shi ba.

Tsarinsa ba shi da wuyar ganewa. Ka taka feda, tana juyawa a kan gindinta. A jikin gindin akwai wani ɗan ƙaho da ya miƙe sama, shi kuma sai ya matsa gaba ya jawo sandar birki. Sandar ta bi gefen gwafa har baya, ta shiga kunnen birki, kunnen ya murɗa wani ɗan harshen ƙarfe a cikin kwanon taya, harshen ya buɗa takalma biyu su matse jikin kwanon daga ciki. Akwai kuma madogari, wani miƙaƙƙen ƙarfe da ke ɗaure murfin birki, wato murfin kwanon da takalman ke zaune a jikinsa, da gwafa don kada murfin ya bi taya ya juya. Babu mai, babu famfo, ƙarfe ne ke jan ƙarfe.

Kafin in kwance komai na ɗauki hotuna da waya na kuma auna. Daga gindin feda zuwa inda yatsa ke takawa santimita 20. Ƙahon santimita 5. Ke nan ƙarfin ƙafa yana ninkuwa huɗu kafin ya kai ga sanda, tafiyar kuma tana raguwa huɗu. Abin da ya tsaya mini a rai a hoton shi ne wurin da fil ɗin da ya haɗa ƙaho da sanda yake: dab da babban boltin da gwafa ke juyawa a kansa, kusan gefe da gefe. Na leƙa baburan maƙwabta, na leƙa na masu jiran fasinja a bakin kasuwa, duk mai sandar birki haka na gan shi, kamfani daban-daban amma wuri ɗaya. Na ce a raina ba banza ba.

Na yanka kwali na fitar da siffar faifan da zai ɗauki sabon mataki da sabuwar feda, na mai da shi a katako, na ɗaure a shasi don gwaji. Na aje gindin feda inda ƙafata ta fi jin daɗi. Wani abokina bakanike, wanda a rumfarsa nake aikin, ya dubi tsohuwar sanda ya ce, «Mutumina, ai tunda ka ƙara wa gwafa tsawo, kawo guntun rodi mu jona mata da walda, ka hau abinka kafin la'asar.» Haka kowa ke yi, kuma da kyakkyawar niyya ya faɗa. Da muka ɗora sandar sai ga shi ba ƙari take nema ba, ragi take nema: taya ta ja baya da 6, amma fil ya ja baya da 9, ta yi tsawo da santimita 3. Muka cika gurbin da wasu notuna a kan zaren sanda, wato haƙoran da noti ke bi, don dai a samu a gwada, muka ɗaure, na taka. Birki ya kama garau. Babur na tsaye a kan jakinsa, babu abin da za ka kushe.

Ni dai hankalina na kan fil ɗin nan, domin yanzu ya bar kusa da gindin gwafa, ya yi baya kuma ya yi ƙasa. Na ce mu cire shoka. Muka aro wani tsohon turmi muka kifa, muka ɗora cikin babur a kai, tayar baya na lilo a sama, muka kwance shoka biyun. Yaron rumfa ya tsuguna ya rungumi gwafa, na ce, «Ƙanena, ɗaga a hankali, kada ka yi gaggawa.» Ni kuma ina juya taya da hannu. A ƙasa tana gudu sumul, kana jin kaca kaɗai tana ƙas-ƙas. Ya ɗago zuwa rabi, shiru. Ya wuce rabi da kamar faɗin yatsu uku, sai wani siririn sauti ya fara, shuu, shuu, sau ɗaya a kowane zagaye. Ya ƙara ɗagawa, sautin ya haɗe ya zama ɗaya, taya ta yi nauyi a hannuna. Da ya kai inda shoka za ta ƙure in an danne ta, taya ta tsaya cak, babu wanda ya taɓa feda. Ina kallon kunnen birki da idona yana matsowa gaba da kansa. Abokina ya aje sifana ya zo ya karɓi gwafar daga hannun yaron, ya ɗaga ya sauke, ya ɗaga ya sauke, sannan ya ce, «Inna lillahi. Wannan ai da buhu a baya ka faɗa rami, shi ke nan.»

Dalilin yana da sauƙi in ka tuna akuya a turke. Igiyarta a jikin turken take, duk inda ta zagaya tsawon igiya bai sauya ba. Amma ka ɗaura mata igiya ta biyu ka tsaya da ita gefe da turken, in ta yi nan igiyarka ta saki, in ta yi can ta ɗame. Kunnen birki yana zagaya gindin gwafa ne, sanda kuma igiya ta biyu ce. In fil yana ƙasa da inda ya dace, duk sa'ad da taya ta hau sama sanda za ta ɗame ta ja birki. In yana sama, akasin haka: ka ɗora kaya birki ya saki, ka taka feda ta tafi har ƙasa ba ta kama ba.

Har lissafinsa ana iya yi a ƙasa da tsinke. Gwafata yanzu tana da kusan santimita 50, taya kuma tana hawa da sauka kusan 10, wato kashi ɗaya cikin biyar na tsawon gwafa. Duk tazarar da fil ya kauce, kashi ɗaya cikin biyar ɗinta ne zai koma ja a kan sanda. Fil ɗina ya kauce da santimita 5, ja ya zama santimita 1 daga ƙasa har sama, kuma mafi yawansa a wajen dannuwa yake. Sassaucin da littafin Honda ya ce a bar wa feda kafin birki ya fara kamawa milimita 20 zuwa 30 ne a bakin yatsa. Raba 25 gida huɗu, milimita 6 ke nan a kan sanda. Ja ya fi sassauci, dole birki ya kama kansa. Mutum na iya cewa to a ƙara sassaucin mana. An ƙara, amma sai ka samu feda mai tafiya mai nisa in kana kai kaɗai, mai kamawa nan take in ka ɗauki kaya, kuma tana sauyawa a ƙarƙashin ƙafarka a kowane tudu da kwari. Wannan ne ainihin abin da nake gudu.

Mayar da fil wurinsa na asali ba zai yiwu ba sai in na haƙura da matakan da na ja baya. Na yi tunanin jefar da sanda in koma igiyar waya irin ta birkin gaba, domin ita rigarta a jikin murfin birki take dogara, hawa da saukar taya bai dame ta ba. Na fasa saboda ƙasarmu. Hunturu ɗaya ya isa ya cika rigar da ƙura, waya ta riƙa cijewa, kuma in za ta tsinke daga ciki take fara cin kanta inda ido ba ya gani. Sanda kuwa a fili take, in ta fara lalacewa za ka gani.

Mafitar kuwa, da igiyar zare na same ta. Na sa yaron ya riƙe gwafa a tsakiyar tafiyarta, na ɗaura zare a tsakiyar boltin gindin gwafa, na ja shi miƙe zuwa ramin kunnen birki. Matsawar fil baya ba ita ce matsala ba, muddin yana kan wannan layi. Kaucewarsa sama ko ƙasa da layin ita ce ke jan sanda. Na sa alli na yi alama a katako inda zare ya ratsa, santimita 9 bayan gindin gwafa, na huda sabon rami yadda kan ƙaho zai faɗa daidai wurin. Hakan ya tilasta raba gindin feda da mataki, kowa da raminsa, feda ta hau sama da kusan santimita 5, mataki ya tsaya inda yake. Muka sake ɗaga gwafa daga ƙasa har sama. Taya ta yi ta juyawa ba ko ƙis, kunnen birki bai motsa abin da ido zai kama ba.

Da katakon a hannu na tafi wurin wani dattijo mai walda a unguwar Zariya, wanda shi ya ƙara wa gwafar tsawo tun farko. Ya juya katakon ya duba, ya saurari bayanina har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya ce, «Ɗana, layinka na gefe ka duba, na sama fa? Tsaya a bayan babur ka leƙa.» Gaskiyarsa. Faifan yana waje, kunnen birki yana ciki kusa da taya, in ƙaho ya zauna tare da feda a waje sanda za ta tafi a karkace, tana cizon fil a gaba tana goga salansa a tsakiya. Na ce, «Baba, ko mu ɗan lanƙwasa ta ta kauce?» Ya girgiza kai. Sanda mai lanƙwasa, in ji shi, kafin ta ja birki sai ta fara ƙoƙarin miƙewa, rabin takunka a nan zai ƙare, feda ta yi laushi, kuma wurin lanƙwasar nan ne za ta gaji wata rana. Shawararsa ita ce feda ta zauna a waje, ƙaho ya koma bayan faifai ta ciki, a haɗa su da guntun ƙarfe mai ratsa faifan.

Ƙarfen ratsawar daga tsohuwar sandar kik muka yanko shi, mai haƙora a baki ɗaya, da maƙalarta. Ta haka feda za ta shiga haƙora a ɗaure da bolti, ana iya cire ta ko a sauya mata tsayi, ƙaho kuma a yi masa walda a ɗaya bakin. Irin wannan ƙarfe mai tauri ne, in aka yi masa walda aka bar shi ya huce da sauri yakan tsage a gefen ɗinki. Na ga ya fara gasa shi da wuta kafin ya ɗiga masa walda, da ya gama kuma bai tsoma shi a ruwa ba, ya tura shi cikin busasshen yashi ya rufe, ya ce mu je salla mu dawo. Faifan daga ƙarfe mai kaurin milimita 6 aka yanka shi, bolti biyu suka riƙe shi a shasi. A ramin da ƙarfen ke juyawa mai injin sassaƙar ƙarfe ya fitar mana da zoben tagulla, na yanka zobba biyu daga tsohon tub na toshe bakinsa ciki da waje, domin giris in ya haɗu da yashi cin ƙarfe yake yi.

Sabuwar feda ta fi tsohuwa gajarta, santimita 15, don haka na mai da ƙaho milimita 37 don ninkin huɗun nan ya tsaya yadda yake. Dattijon ya so mu ƙara wa kunnen birki tsawo don birki ya ƙara ƙarfi. A nan ban bi shi ba. Ƙarfin da yake da shi ya isa ya kulle taya a kan kwalta, balle a yashi. Abin da nake nema shi ne tazara tsakanin fara kamawa da kullewa, inda ƙafa za ta yi aikinta, kuma ƙarin ƙarfi cinye wannan tazara yake yi. Ya ce, «Kai za ka hau, ɗana,» muka bar shi haka.

Sai ita kanta sanda. Yanke santimita 3 daga wutsiyar tsohuwar zai cinye zaren da ake buƙata, domin duk lokacin da ka ja taya baya don ɗame kaca sai ka sassauto notin birki ya bi ta. Ƙara mata sabon zare kuma bai yiwu ba: da muka auna jikinta bai cika milimita 6 ba, ya ɗan haura 5 ne kawai, saboda zaren kamfani matsa shi ake yi ya taso, ba yanka shi ake yi ba. In ka yanka zare a jiki irin wannan haƙoransa ba za su cika ba, noti na iya zamewa ranar da ka taka da iya ƙarfinka. Rodin gini kuma ban yarda da shi ba ko kusa. Yana da araha, yana ko'ina, amma ba ka san da me aka narka shi ba, wani ya lanƙwashe a hannu wani ya karye. Mai injin sassaƙa ya ba ni santalelen ƙarfe mai cikakken milimita 6 irin wanda yake aiki da shi, ya yanka zare santimita 8 a baya, gajere a gaba. Gaban ya shiga wani ɗan baki mai leɓe biyu da ya fitar daga dunƙulen ƙarfe, aka ɗaure da notin kulle. Ƙaho na shiga tsakanin leɓɓan, fil ya ratsa su uku, a toshe shi da 'yar ƙusar nan mai raba ƙafa. Babu walda ko ɗigo a jikin sandar daga farko har ƙarshe.

Madogari shi ne wanda mutane suka fi rainawa, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Shi ke shanye duk ƙarfin da taya ke yi na son juya murfin birki. In ya karye ko boltinsa ya fita, murfin zai bi taya, ya naɗe sanda a jikin gindin taya, ya fizgi kunne, taya ta kulle kana cikin gudu. Tunda gwafa ta ƙaru da 6, shi ma sai ya ƙaru da 6. Ba mu yi masa jone ba, sabo muka yanka daga ƙarfe ɗaya, kuma boltinsa biyu duka masu rami ne a baki, bayan noti a sa ƙusa mai raba ƙafa. Sau da yawa ina ganin babura a gari da lanƙwasasshiyar ƙusar katako a wurin, wasu ma babu komai, an ɗauko mace da goyo a baya. Abin yana ci mini rai, domin kuɗin wannan 'yar ƙusa bai kai na shayi kofi ɗaya ba.

Tunda taya na ƙasa na buɗe kwanon. Ƙurar da ke ciki ban hura ta da baki ba, da jiƙaƙƙen tsumma na share, saboda har yanzu akwai takalman da ake haɗawa da asbestos, kuma ƙurarsa illa ce ga huhu. Tsofaffin takalman sun suɗe, fatarsu ba ta kai milimita 2 ba, wanda shi ne iyakar da ake canzawa. A bakin kowanne, inda harshe ke turawa, an naɗa guntun gwangwani don a ci sauran. An kuma zare kunnen birki an tsallake masa haƙori, alamar ɗigo da ke kansa ta bar ta kan harshe. Na san abin da ke sa a yi haka, ɗan kabu-kabu da ke neman na cefane ba kullum yake da kuɗin takalma ba, balle lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan Yulin 2023 kaya suka yi tsada. Amma haɗarin ba ƙarami ba ne. In takalma sun cinye, harshe sai ya juya da nisa kafin su kama, kuma yana iya wuce tsakiya ya tsaya a gicciye, ya ƙi dawowa ko ka ɗaga ƙafa.

Na sa sababbi. Na goga musu alli a fuska, na mayar da murfi na juya taya ina taɓa birki, na sake buɗewa. Inda alli ya goge nan ne ke taɓawa, kuma da farko wuri biyu ne kawai a kowane takalmi, ƙanana. Na bi wuraren da takardar yashi, na sake shafa alli, haka har gogewar ta mamaye mafi yawan fuska. Harshe na zare shi na wanke da kananzir, na shafa masa giris ɗan kaɗan yadda ba zai tsallaka kan takalma ba. Kunne ya koma ɗigo kan ɗigo.

Wajen haɗawa akwai wani abu da bakanike na gari ke yi ba tare da ya faɗa ba: kafin a ƙarasa ɗaure babban notin taya, a taka birki a riƙe, sannan a ɗaure. Hakan ke sa murfi ya zauna a tsakiya, takalma biyu su kama tare. Na ɗame kaca tukuna, sannan na zo kan feda. Na sa mata boltin tsayawa yadda bakinta zai huta ƙasa da mataki kaɗan, in iya taka ta ina zaune ko ina tsaye ba tare da na ɗaga dunduniya ba. Na rataya mata sifirin ɗin mayarwa nata na kanta, ban dogara da na cikin kwano ba. Notin baya yana da kwarmi a fuskarsa wanda ke zama a kan ɗan gangar da ke cikin kunne, rabi-rabin zagaye ake juya shi har kwarmin ya faɗa wurinsa, shi ke hana shi kwancewa. Na tsayar da sassauci a milimita 25 da ma'auni, ba da ido ba. Da na taka iya ƙarfi na duba kusurwar da ke tsakanin sanda da kunne, ta kusa zama kusurwar bango amma ba ta wuce ba, kuma nan ne jan ya fi tasiri. Maɓallin fitilar birki ya buƙaci sabon kunne a jikin faifai da gajeren sifirin, na daidaita shi ya kunna kafin takalma su fara taɓawa. Kafin in mayar da shoka muka sake ɗaga gwafa, wannan karon ina duban ko sanda na taɓa taya ko salansa a wani wuri. Inda ta fi matsowa kusa da taya yatsana na shiga.

Gwajin hanya a lungun unguwa na fara shi, a giya ta ɗaya, cikin yashi. Daga nan na hau kwalta hanyar Tsibiri, na yi tafiya mai ɗan nisa ban taɓa birkin baya ba sam, na tsaya da na gaba, na sa bayan hannu a jikin kwano. Sanyi ƙalau, babu goga. Na dawo na ɗaure buhun gero a baya, ƙanena ya hau kansa, muka nufi gangaren da ke sauka wajen Gulbi, inda ruwan damina ya farfasa hanya. Da gangan na riƙa bi ta cikin ramuka ina jin shoka na ƙurewa, yatsana a kan feda. Ba ta harbo ni ba, ba ta gudu daga ƙarƙashina ba, inda take kamawa ba kaya nan take kamawa da kaya. A gindin gangare kwanon ya yi zafi, zafin aiki, ana iya taɓa shi a ɗauke hannu.

Bayan 'yan makonni takalma suka kwanta, sassauci ya haura 30, na ba noti zagaye ɗaya ya koma daidai. Zoben tub na ciki ya tsage, na canza shi da mai kauri daga tub ɗin mota. Ɗinkin ƙaho na goge shi na duba da fitilar waya, babu tsaga. Yanzu duk ranar da na ɗame kaca sai na sake auna feda, kuma na yanka wani ɗan kara mai alama biyu, 20 da 30, yana cikin jakar sifanu. Abin da ya rage shi ne damina, domin hanyoyin Gazawa akwai koramu, kuma kwanon birki in ya sha ruwa da laka sai an buɗe an wanke. Na sayi takalma na ajiya da ƙusoshi masu raba ƙafa guda goma, tunda wadda aka miƙe aka cire ba a mayar da ita.